Firintar Kudai da Hannun Malam

Ni dai tun farko ba na ƙaunar na'urar nan. Ƙara gare ta kamar ana yanka kwano da zarto, ga nauyi, ga muni, launinta irin na tsohon haƙori. Amma ita ce ta riƙe mu a Makka, ni da maigidana. Don haka ranar da aka shigo da ita ɗakinmu na unguwar Hindawiyya a naɗe cikin bargo, sai da na kawar da tukwanena na ba ta wuri mafi kyau a kan tabarma.

Malam, haka nake kiran maigidana, ma'aikaci ne a wani ƙaramin ofishin motocin alhazai a unguwar Kudai. Igamarsa, wato takardar izinin zama, mai ofishin ne ke sabunta ta, shi ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a wajen hukuma. Tawa kuma a rataye take a jikin ta Malam. In an sabunta tasa na zauna, in an ƙi mu biyu za mu ɗaure kaya. Mahaifin mai ofishin ne ya kawo Malam tun gemunsa yana baƙi, lokacin keken rubutu. Da tsohon ya rasu, ɗansa ya gaji ofishi, ya gaji Malam tare da kujeru. Sai ga sababbin na'urori sun shigo waɗanda ba a gyarawa, in sun mutu a jefar a sayo wasu. Abin da ya rage wa Malam a duk ofishin shi ne tsohuwar firintar nan mai allurai, wadda ke dukan takarda da ƙarfi har rubutu ya fito a kwafi uku lokaci guda: na direba, na shingen bincike, na ofis. Sababbin ba su iya wannan ba. Kuma tsohuwar kwamfutar da ke riƙe da tsarin motocin ba ta jin maganar kowace firinta sai ita.

Ni kuma turaren wuta nake haɗawa da humra, ina sayar wa matan unguwa da hajiyoyin da ke zuwa daga gida. A unguwarmu kowa da abin da yake gaida kafilinsa da shi, wata dambun nama, wata kilishi in an kawo mata. Ni turare ne nawa. Gab da azumi da gab da Hajji nakan haɗa na musamman, da icen hawi da kajiji da farce mai kyau, in dafa masa sukari har ya yi danƙo, in cika kwalba in ba Malam ya kai. Wannan haɗin ba na sayar da shi, ko a ɗakina ba na ƙona shi. Ba yabon kai ba, mutumin ya mutu a kansa. Yakan aiko cewa kullum da safe sai ya sa shi a kasko kafin ya buɗe ofis.

Wata safiya cikin watan Shawwal, kofin shayi ya suɓuce daga hannun Malam. Na buɗe baki zan yi faɗa, don shi ne kofin da nake so, sai na ga bakinsa ya karkace. Hawan jini ne. Allah Ya taƙaita, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma hannun dama bai dawo ba. Yana ɗagawa, yana iya sa shi a aljihu, sai dai yatsun ba sa riƙo, ba sa jin komai. Na hagun kuwa yana riƙo, amma ciwon suga ya daɗe da cinye jin da ke kan yatsunsa. A ofis aka ce zazzaɓi ne. Da ya koma sai ya riƙa rataya carbi a hannun daman, kowa ya ɗauka tazbaha ce ta ƙaru.

Abin da ya sa muka ɓoye a fili yake. Shekarun nan an tsananta, babu mai riƙe tsohon da ba ya aiki, kuma ba dama ka yi wa wani aiki in ba kafilinka ba. Malam kuwa ba shi da kowa a gida sai kaburbura. 'Yarmu ɗaya ce, tana aure a Kano. Shi burinsa guda ne a duniya, kuma ya faɗa mini har na gaji da ji: a sallace shi a Harami, a rufe shi a ƙasar Makka. In na ce masa, "To ni fa?" sai ya ce, "Ke ai sai kin binne unguwar nan kaf, da wannan bakin naki."

Cikin Zulƙida, alhazai sun fara sauka, firinta ta birkice. Layi na farko ya fito daidai, na biyu ya ɗan shiga ciki, na uku ya ƙara shiga, kafin a kai ƙasan takarda sunan direba ya hau kan lambar mota. Wani lokacin kuma kan da ke buga rubutun ya tsaya a tsakiya yana gurnani. Kafili ya kira Malam ya ce ko dai ta tashi kafin motoci su fara jigilar Mina, ko ya kawo kamfani su sauya masa tsarin gaba ɗaya. Malam ya yi ƙarfin hali ya tuna masa igama za ta ƙare bayan Hajji. Mutumin ya ce, "Nishuf." Wai za mu gani. Duk Bahaushen da ya zauna a garin nan ya san abin da ke bayan kalmar nan.

Malam ya ce kayan aikinsa suna gida, a bar shi ya tafi da ita. Gaskiyar magana ba ya so a ga hannunsa ne. Maƙwabcinmu, wani mutumin Damagaram mai tasi, shi ya ɗauko ta ya hawo da ita bene yana nishi.

Bayan la'asar Malam ya zauna gabanta da sukundireba a hannun hagu. Ina daga gefe ina tankaɗe kajiji, ina kallonsa ta wutsiyar ido. Ya saita, ya zame. Ya sake saitawa, ya danne da bayan hannun dama, abin ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin gado. Ya rarrafa ya ɗauko. Da ya faɗi karo na gaba sai na ajiye rariya.

"Malam, ba ni."

"Wannan ba tukunya ba ce."

"Na sani. Tukunya ai ta fi ta amfani. Ba ni, ka gaya mini inda zan murɗa."

"Ke da ko rediyo ba ki iya kamo tasha ba?"

"To zauna ka yi ta yi har a sauko daga Arfa! Wallahi Malam, in ka bari girman kai ya kai mu filin jirgi ba zan yafe maka ba."

Ya dube ni ya daɗe, idonsa ya kaɗa. Ban taɓa gaya masa magana irin wannan ba, kuma na ji zafinta a bakina, amma ban janye ba. Ya miƙo mini sukundireban ta ƙotarsa.

Da na cire murfin sai ga cikinta. Wata doguwar sandar ƙarfe ce kwance daga wannan gefe zuwa wancan, kan da ke ɗauke da allurai yana zaune a kanta. Wani siririn bel mai haƙora yana maƙale da kan, ya zagaya ya naɗo a bakin wani dunƙulen ƙarfe kamar ƙaramin gwangwanin tumatir. Shi ne mator. Malam ya manta da fushi, muryarsa ta koma ta malamin makaranta.

"Kin ga wannan, ba irin na fanka ba ne da za a ba shi wuta ya yi ta gudu. Shi taku-taku yake tafiya. A cikinsa akwai naɗin waya kashi-kashi, a tsakiya kuma maganaɗisu mai haƙora. A ba wannan naɗin wuta, maganaɗisun ya matsa kaɗan ya tsaya cak. A ɗauke a ba na gaba, ya ƙara matsawa daidai da na farko. Duk taku ɗaya, bel ya ja kan nan gaba kamar kaurin gashi. In ana so ya dawo, sai a juya jerin ba da wutar."

"To ta yaya take sanin inda ya kai?"

"Ba ta sani ba. Ba ta da ido. Da an kunna ta, sai ta ja kan har ƙarshen hagu, inda wani ɗan abu yake shaida mata an iso. Daga nan lissafi kawai take yi. Ta ce taku kaza na aika, to kai yana wuri kaza, ta harba allurai. In wani abu ya riƙe kan, mator ya yunƙura ya kasa, ita ba ta da labari. Ta ƙirga takun da ba a yi ba ta wuce abinta. Shi ya sa kika ga layi yana zamewa."

Na ce, "Ashe wawiya ce."

Ya ce, "Mai yarda ce dai."

Shi a ransa ya gama yanke hukunci cewa mator ne ya gaji. Yadda ya saba ganewa tun yana saurayi da yatsa ne, ga shi yatsun sun tafi. Ya sa na zare bel, ya ce in rufe ido in murza bakin mator a hankali. Na murza. Wani abu na ji yana ɗan tsayawa yana saki, tsayawa da saki, kamar ana jan ƙwayoyin ƙaramin carbi. Ya ce akwai wanda ya fi wani tauri? Na ce babu. Akwai inda ya zame babu tsayawa? Na ce babu. Sai ya sa na haɗa bakin wayoyi biyu na murza, abin ya yi nauyi a hannuna har na firgita. Ya ce alamar naɗin yana da rai ke nan. Na haɗa sauran biyun, nan ma ya yi nauyi.

"Lafiyarsa ƙalau, Malam."

"Ba ki iya ji ba ne."

"Yatsun da ke bambance farcen gaske da na jabu a cikin buhu? Ka dai ce ba ka so ka yarda."

Bai yarda ba. Ni ma kuma da na tuna ranar ce ta farko da na taɓa mator a rayuwata, sai na yi shakkar kaina. Washegari mutumin Damagaram ya kai mu kasuwar tsofaffin kaya. Rana ce irin ta Makka wadda ƙarfe ke ƙona hannu. Malam ya jingina da mota don jiri, ni ce na shiga cikin tarin matattun na'urori da abayata, ina ɗagawa ina nuna masa daga nesa, yana girgiza kai. Masu shaguna suna kallona kamar na zare. Wani ya ce, "Ya Hajja, nan ba a sayar da tukwane." Na ba shi amsa da Larabcin da ya daɗe bai ji irinsa ba. Sai wajen azahar muka samu irinta, rabinta a fashe, aka ciro mana mator ɗin.

Na ɗaura shi da hannuna, Malam yana gaya mini wace waya za ta shiga ina. Akwai maɓallin da in ka danne shi ka kunna, firinta za ta yi ta buga haruffanta da kanta ba sai da kwamfuta ba. Na danne na kunna. Kan ya tafi hagu ya taɓa, ya fara. Layin farko tsaf. Na biyu tsaf. Har na buɗe baki zan yi hamdala, sai na ji gurnanin nan a tsakiya, layi ya zame.

Muka sake. Muka ƙara ɗaure bel, muka sassauta shi. Malam ya sa na ɗiga mai a kan sandar, don ya ce ya ga ta yi duhu, tsohon mai ne ya bushe. Abin ya ɗan yi sauƙi, ya dawo. Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Ta taga ina jin motocin alhazai suna wucewa da talbiyya, wayar Malam kuma tana ta ƙara, kafili ne. Tun yana ɗauka yana cewa saura kaɗan, har ya koma kifa ta a kan tabarma. Tsoro nake ji, tsoro tsagwaronsa, irin wanda ke sa ka manta raka'ar da kake.

Wani hantsi ya ce, "Allon lantarkin ne. Shi ke aika wa mator wuta. In shi ne, babu mai gyara shi a garin nan." Ya juya ya fuskanci bango. Can ya ce, "Ki fara raba kayanki. Ki gaya wa 'yarmu ta share mana ɗaki a Kano."

"Ba inda za mu."

"Hajiya, halas. Ya ƙare."

"Bai ƙare ba! Kai ne ka ƙare, ni ban ƙare ba!"

Kafaɗunsa kawai na ga suna motsi. Mutumin da ko ranar da aka aiko da rasuwar mahaifiyarsa bai yi kuka a gabana ba. Na rasa inda zan sa kaina. Na durƙusa gaban na'urar, na zare bel ɗin da fushi, na kama kan na tura shi gefe kamar mai ture yaron da ya tare hanya.

Bai tafi ba. Wato ya tafi, amma da nauyi. Daga hagu ya taho salin-alin, da ya iso tsakiya sai na ji kamar ina jan cokali a cikin zuma, ya wuce nan ya sake yin sauƙi. Na mayar da shi, haka. Malam ya sha tura shi da hannun hagu a gabana yana cewa lafiya lau, amma ina yatsun da za su gaya masa?

Na goga yatsa a ƙarƙashin sandar, wajen da ido ba ya gani. Wani abu ja-ja ya biyo ni. Na haɗa yatsu biyu na raba, ya yi zare. Wannan ba mai ba ne. Na san danƙon nan, shi ne nake kankarewa a bangon da ke saman kaskona da fukafukan fankarmu duk ƙarshen wata. Na kai hanci. Ɗakinmu kullum cikin ƙamshi yake, shi ya sa ban lura ba tun farko, amma wannan daban ne. Farce mai kyau na ji, da hawi. Haɗin da ba na ƙonawa a ɗaki.

"Malam. Kafilin nan, a ina yake ajiye kaskonsa?"

Bai juyo ba. "A kan tebur."

"Wane tebur?"

"Na firinta mana, shi ne kusa da ƙofa." Ya juyo a hankali. "Na'urar sanyi kuma tana busowa ta kansa."

Na miƙa masa yatsana a hanci. Ya shaƙa ya ce shi ba ya jin komai, hancinsa ya daina jin turarena tun muna da ƙuruciya. Na zauna daɓas a ƙasa. Dariya ce ta zo mini ko kuka, har yau ban sani ba, duka biyun dai sun fito. Shekara da shekaru ina tsaye kan wuta ina dafa sukari, ina zaɓar ice mafi tsada, don mutumin nan ya ji daɗinmu ya bar mu mu zauna. Ashe kullum da safe hayaƙin yana shiga yana kwanciya a kan sandar nan.

Cire shi kuwa ba sai an koya mini ba. Na ɗauko sibirto, ruwan nan mai saurin bushewa da nake haɗa humra da shi, na yage tsohon ɗankwali. Na goge sandar har ƙyallen ya daina fitowa da launi. Malam ya ce akwai ɗan soso a ƙarƙashin kan wanda ke riƙe mai, na ciro shi ya yi tauri kamar alewa, na jiƙa na matse har ya yi laushi. Na mayar da mator ɗinmu na asali, don ni na san lafiyarsa lau. Na ɗiga man keken ɗinki, kaɗan, yadda ya ce. Da na tura kan da ɗan yatsa ɗaya sai ya sulale har ƙarshe.

Na danne maɓallin na kunna. Ta tafi hagu, ta taɓa, ta fara ihunta. Muka yi tsuru-tsuru muna jiran gurnani. Takarda ta cika, ta biyu ta shiga, ta uku. Gefen rubutun ya miƙe sambal kamar an ja shi da zare. Malam ya ɗora mataccen hannunsa a kan murfin yana ta motsa baki. Ni kuwa ƙarar da na tsana, ranar na ce a bar ta ta yi ta yi, maƙwabta su yi haƙuri.

Saura mayar da ita, kuma nan ne wani tashin hankalin. Dole Malam ya haɗa ta a gaban kafili, ya ɗora takarda a kan 'yan haƙoran da ke janta, gefe biyu su daidaita. Aikin hannu biyu ne. Muka wuni yana gwadawa da hagu da bayan hannun dama, wani lokacin ta hau, wani lokacin ta karkace. Ni ba zan iya shiga ofishin maza in tsaya a kansa ba, kowa zai gane.

Da safe muka tafi Kudai. Mutumin Damagaram ya shigar da ita, ya fito ya ja tasi gaba kaɗan don masu kula da hanya. Ni na sauka na tsaya a inuwar wani shago kusa da ƙofar, kamar mai jiran mota. Motoci jere har inda ido ya tsaya, hayaƙi, mutane farare fat cikin harami suna neman ayarinsu, kowane yare kana ji. Ni kunnena yana kan ƙofa ɗaya.

Shiru. Na karanta duk abin da na haddace, shiru. Gumi yana bin bayana har ƙafa. Na ce shi ke nan, takarda ta faɗi, carbin ya faɗi, an gani. Na ce ya Allah, ni ban roƙe Ka gida ba, ban roƙe Ka dukiya ba, tsohon nan rami kawai yake nema a garinKa. Har na ɗaga ƙafa zan shiga, in ya so duk abin da zai faru ya faru.

Sai na ji ta. Ta cikin ƙarar motoci da hayaniya na ji ta, ta tafi, ta dawo, ta tafi, ta dawo, murya ɗaya babu gurnani. Na zauna a kan dakalin shagon mutane. Mai shagon ya fito ya ba ni ruwa, ya ɗauka rana ce ta buge ni.

A mota Malam ya ba ni labari. Takardar ta ƙi hawa. Ya gwada, ta zame. Kafili yana tsaye a kansa yana kallo. Can sai ya ce, "Bari in taya ka, ya ammi," wato baffa, ya sunkuya ya ɗora ta da kansa, bai ƙara ko kalma ba. Da za su rabu kuma ya kama hannun daman Malam da hannayensa biyu ya daɗe riƙe da shi. Na ce, "To ya gane ke nan?" Malam ya ce, "Ban tambaye shi ba." Maganar kasko kuwa, cewa ya yi na'urar ta tsufa ba ta son iskar ƙofa, aka mayar da teburinta can lungu. Ban daina aika turare ba, ina ni ina dainawa. Sukarin dai na rage, har mutumin ya aiko yana ƙorafin wai hannun Hajja ya canja.

Bayan Hajji aka sabunta igama. Malam ya shigo da ita a aljihun gaba, ya ajiye mini a cinya. Na ce, "Saura ta baɗi." Ya ce, "Wannan ma ta isa." Na yi masa faɗa a kan maganar, ya yi ta dariya.

Ta isa ɗin. Cikin Rajab, bayan azahar, ya ce zai ɗan kishingiɗa kafin abinci. Na gama na zo tashinsa. Da la'asar ɗin washegari aka shiga da shi Harami. Ina can cikin sahun mata na ji an yi kiran sallar gawa, na yi kabbara tare da mutanen da ba su san shi ba, ba su da iyaka. Ko makarar ban hango ba. Daga nan maza suka wuce da shi maƙabartar Shara'i, mu mata ba ma bi.

Sai a zaman makoki wata maƙwabciya ta tambaye ni a hankali, "Yanzu takardarki fa?" Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo mini. Duk fafutukar nan da na yi, da sandar, da kasuwar tsofaffin kaya, ban taɓa tsayawa na bi lissafin har ƙarshe ba. Tawa a jikin tasa take rataye. Shi ya samu abin da ya roƙa, ni kuma ranar da ya samu ɗin ce ranar da zamana ya ƙare. Kafili ya yi mutunci, ya bari na gama takaba a ɗakina kafin a buga mini takardar barin ƙasar. Na raba tukwane, na ba da kasko, sukundireban kawai na sa a jaka.

Ranar tafiya mutumin Damagaram ne zai kai ni Jidda. Shara'i ba a kan hanya take ba, baya ma take, amma na roƙe shi ya bi da ni. Ya tsaya a gefen titi jikin wata doguwar katanga. Na ce, "Kai ka sa shi a rami. Ta wane gefe yake?" Ya fita ya leƙa ta ƙofa, ya daɗe, ya dawo yana goge fuska da hula. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Babu suna, babu alama, duwatsu ne kawai a jere, kuma an ƙara layuka da yawa bayansa. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Na sauke gilashi. Na yi sallama ga katangar gaba ɗaya, tun daga wannan ƙarshen har wancan, don kada in tsallake shi. Na ce, "Malam, ga ka nan inda ka ce. Ni an ce in tafi." Mai tasi ya jira har na ɗaga gilashin da kaina, sannan ya tayar da mota.